Sai Dogarai Suka Kama Shi: Masu Farautar Mai Laifi a Masarautun Ƙagaggun Labarai



Akwai wata jimla da na daɗe ina cin karo da ita a littattafan da matasanmu ke rubutawa a kan masarautun da suka ƙaga da kansu. Marubuci zai zauna ya gina birni tun daga ganuwa har soron ƙofa. Zai ba sarki suna da asali har kaka na bakwai, ya raɗa wa dokinsa suna, takobinsa ma ya ba shi tarihi. Amma ranar da aka fasa taskar sarki, ko aka yi wa jarumin labari ƙazafi ya tsere cikin dare, abin da za ka karanta shi ne: sai dogarai suka bi shi, suka kama shi. Shi ke nan. Ba suna, ba fuska. Ba a gaya mana wanda ya aike su ba, ko wanda ke ciyar da su, ko gaban wa za su gurfanar da wanda suka kamo. Wannan jimlar ce ta kawo ni yau, domin a ganina duk adalcin masarautar da ka ƙaga, ko zaluncinta, a cikinta yake kwance. Talakan da ke cikin labarinka bai taɓa ganin sarki ido da ido ba. Dogari ya sani.

Harshenmu ya riga ya yi mana rabin aikin. A tsarin sarautar ƙasar Hausa, mai kamawa daban, mai tsarewa daban, mai yanke hukunci daban, mai zartarwa daban. Dogari ke kamo mutum, Sarkin Dogarai ke shugabantarsu. Yari ke riƙe da kurkuku, shi ya sa har gobe muke cewa gidan yari. Alƙali ke sauraron ƙara, muhutai na zaune a gefensa. Idan hukunci ya kai ga rai, sai magana ta je gaban sarki, sannan Hauni ya zare takobi. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo a Kitabul Farƙi ya lissafa shugaban 'yan sanda cikin mutum huɗu da mulki ke jingina da su, tare da waziri da alƙali da mai tara haraji, ya kuma ɗaure aikinsa da ƙwato wa mai rauni haƙƙinsa.

To amma mu faɗi gaskiya, dogari asalinsa bawan sarki ne, a fada yake ci, a fada yake kwana. Babbar rigar nan mai ja da kore da jan rawani alama ce ta mai gidansa. Amanarsa ga mutum take, ba ga shari'a ba. Da Turawa suka zo, a shekarun 1920 aka fara kafa 'yan doka a ƙarƙashin En'e, aka ba su kaki da horo, amma igiyar tana hannun da take. Duk wanda ya zauna da dattawan da suka yi NEPU a shekarun 1950 ya ji abin da ɗan doka da kotun alƙali suka iya zama idan siyasa ta shiga tsakani. Sai a ƙarshen shekarun 1960 aka narkar da 'yan doka cikin 'yan sandan tarayya. Saboda haka Bahaushen da zai ƙaga masarauta ba baƙon wannan tambaya ba ne: shi mai kamawar, na wane ne?

Zan kai ku gidaje uku na labari mu ga amsar da kowane ya bayar.

Na farko Bagadaza ce, ba ta tarihi ba, ta Dare Dubu da Ɗaya. A labarin Dalila mai makirci, Halifa Haruna Rashid ya ɗauko wasu ƙasurguman 'yan damfara guda biyu, Ahmadu Danaf da Hasan Shuman, ya yi musu rigunan girma, ya naɗa su shugabannin tsaron birni, Ahmadu na dama, Hasan na hagu. Kowannensu dinari dubu a wata, da zaratan maza arba'in a ƙarƙashinsa. Dabarar halifa ita ce wadda mu ma muka sani, mugu shi ya san makwantar mugu. Ku lura da yadda mai labarin bai bar komai a duhu ba: ga adadi, ga albashi, ga wanda ya yi naɗin.

Sai dai naɗin nan shi ya haifi fitinar. Dalila tsohuwa ce wadda mijinta ya taɓa riƙe irin wannan muƙami kafin ya rasu, albashi ya yanke. 'Yarta Zainab ta ce mata, idan damfara ce ke sa mutum ya sami dinari dubu a wata, ai mun fi su iyawa. Tsohuwa ta yafa kayan masu ibada, ta rataya tasbaha, ta shiga gari. Ta tuɓe matar wani babban bafade da wani saurayin ɗan kasuwa a gida guda, ta sa aka farfasa wa marini tukwanen baba, ta gudu da jakin wani talaka, ta bar ɗan shugaban 'yan kasuwa jingina a shagon mai sayar da gwal ta kwashe kayan ado. Da mai jaki ya cim mata, ta kai shi wurin wanzami ta ce mahaukacin ɗanta ne, aka danne shi aka cire masa haƙora. Da masu ƙararta suka kai ta gidan wali, wato mai riƙe da tsaron birni, suka ɓingire da barci a ƙofa, ta shiga ciki ta sayar da su ga matar walin a matsayin bayi. Har ranar da aka ɗaure ta a bakin kogi za a hukunta ta da safe, ta yaudari wani Balaraben ƙauye mai kwaɗayin zalabiya da zuma ya kwance ta ya hau gurbinta.

Nan ne aka ce Ahmadu Danaf ya kamo ta. Ya yi cika baki a gaban halifa, ya fita da mutanensa arba'in. Zainab ta yi shigar mai gidan giya, ta ja su ciki, ta zuba musu banju, ta tuɓe su tas, shi da su. Rundunar tsaron birni guda ta farka ba riga. Wanda ya warware matsalar shi ne Hasan Shuman, kuma bai zare takobi ba. Ya gane abin da tsohuwar ke nema. Ya je ya roƙi halifa ya ba ta aman, aka ba shi hankicin aman, ya tafi har gidanta ya kawo ta da ƙafarta. Ta mayar wa kowa kayansa, aka ba ta riƙon wani babban masaukin fatake mai bayi arba'in da karnuka arba'in, da kula da tantabarun da ke kai wasiƙun halifa, aikin da mahaifinta ya yi.

Labarin yana da daɗi, ana dariya daga farko har ƙarshe, amma ni ban taɓa gama shi ba tare da tunanin mai jakin nan ba. An mayar masa da jakinsa, an ba shi kuɗi, haƙoransa fa? Ba a kai Dalila gaban alƙali ba ko sau ɗaya. An yi sulhu tsakanin gwanaye, an ƙara wa fada gwana guda. Masarautar da ta ɗauki ɓarawo aiki don ya kama ɓarawo ta sanar da duk mai wayo a gari cewa hanyar shiga fada ita ce ya gagari masu tsaro. Wanda ya tsara labarin ya san haka sarai, shi ya sa da an gama da Dalila sai ga Ali Zaibaƙ ya taso daga Masar, shi ma ya zo neman nasa rabon ta wannan hanyar.

Gida na biyu masarauta ce da aka ƙaga tun daga tushe, Westeros, ta marubucin Amurka George R. R. Martin, wadda littafinta na farko ya fito a 1996, da yawanku kuma kun ga fim ɗinta. Babban birninta yana da masu tsaro dubu biyu da ake kira masu alkyabbar zinariya, shugabansu Janos Slynt, ɗan mahauci. Akwai kuma haunin sarki, Ilyn Payne, wanda wani sarki da ya gabata ya sa aka cire masa harshe saboda wata magana da ya faɗa. Ku dubi wannan zaɓin da kyau. Mai zartar da hukuncin masarauta mutum ne da ba zai iya tambaya ba, ba zai iya cewa a dakata ba.

Da sarki Robert ya mutu, wazirinsa Ned Stark ya shiga fada riƙe da wasiyyar mamaci, ga hatimi, ga gaskiya a gefensa. Ya ɗauka masu alkyabbar zinariya za su bi takarda. Sarauniya ta yayyaga takardar a gaban kowa, su kuma suka juya māsu a kan mutanensa, domin mai riƙe da baitulmali ya riga ya saye su. Aka saka wa Slynt da babbar sarauta. Daga nan rundunar da aka kafa don tsaron birni ta koma farautar 'ya'yan da marigayin ya haifa a waje, har da jaririya a hannun uwarta.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai yana littafi na biyu, na 1998. A masarautar akwai wata runduna mai gadin katangar arewa, wadda duk mai laifin da ya shige ta an yafe masa abin da ya wuce, hannun sarki ba ya kai gare shi. Wani tsoho mai tara musu mutane, Yoren, yana kora tarkacen yara da fursunoni zuwa can, sai ga masu alkyabbar zinariya sun tarar da su a wani masauki, riƙe da takardar sarauniya ta kama wani yaro maƙeri mai suna Gendry. Yoren ba shi da runduna, ba shi da ko rigar kirki. Ya ce yaron ya riga ya zama na katanga, ba zai miƙa shi ba. Yaran da ke tare da shi suka ɗaga abin da ke hannunsu, masu takarda suka juya. Abin da marubucin ya yi a nan shi ne ya ba masarautarsa iyaka ta shari'a, wurin da mai farauta zai ja linzami ko da yana ganin abin farautarsa. Mu ma tarihinmu yana da irin wannan. A tsakiyar ƙarni na 19, malaman da suka saɓa da mahukuntan Kano a kan haraji, su Malam Hamza, duwatsun Ningi suka nufa, inda dokin dogari ba ya hawa. Idan masarautar da ka ƙaga ba ta da irin Ningi, ba ta da masallaci ko zauren malami ko gidan wata tsohuwar fada da mai gudu zai faɗa ya ce na shiga, to gudun jaruminka tsere ne kawai na ƙafa da ƙafa.

Gida na uku yana ƙasar Sin, kuma shi ne ya yi ƙoƙarin ba da amsa mafi kyau. Bao Zheng mutum ne na gaske, ya rayu daga 999 zuwa 1062, ya riƙe birnin Kaifeng na ɗan lokaci a zamanin daular Song. Tarihi ya shaide shi da ƙin cin hanci, da kuma buɗe babbar ƙofar kotu don mai ƙara ya shigo kai tsaye ba sai ya bi ta hannun magatakarda ba. Bayan mutuwarsa masu wasan kwaikwayo da masu ba da labari suka ɗauke shi suka gina masa wata kotu ta almara. A wani littafi da aka buga a 1879, wanda ake dangantawa da mai ba da labari Shi Yukun, an ba shi cikakkiyar runduna: magatakarda mai kaifin basira, Gongsun Ce, da jarumin takobi Zhan Zhao wanda sarki ya yi wa laƙabi da Kyanwar Fada, da dogarai huɗu, Wang Chao da Ma Han da Zhang Long da Zhao Hu. Su huɗun nan a da 'yan fashin dutse ne, kamar dai su Ahmadu Danaf. Bambancin shi ne a nan an miƙa su ga alƙali. Idan Zhan Zhao ya tsallake katanga cikin dare, shaida ya je nema ko mai laifi ya je kamowa, kuma ya san gobe da safe za a tambaye shi a zauren shari'a. An kuma ba alƙalin wuƙaƙen sara guda uku: mai kan kare ta talakawa, mai kan damisa ta ma'aikatan hukuma, mai kan dodon nan nasu na sarauta ta jinin sarki. Ma'ana ba wanda ya fi ƙarfin kotun.

A cikin labaran Bao akwai wanda nake so kowane marubuci a nan ya riƙe. Wani ɗalibi, Chen Shimei, ya bar matarsa Qin Xianglian da 'ya'ya biyu a ƙauye ya tafi jarrabawar shiga aikin hukuma. Ya zo na ɗaya, ya ɓoye cewa yana da iyali, ya auri gimbiya. Da matar ta biyo shi da yaran, ya ce bai san su ba, sannan ya tura wani yaronsa mai takobi, Han Qi, ya bi su ya kashe. Han Qi ya tarar da su a wani ɗakin bauta a bakin hanya. Ya ɗaga takobi, matar ta gaya masa ko ita wace ce. An umarce shi ya komo da jini a kan takobin don shaida. Ya ba ta kuɗin da aka biya shi, ya ce su gudu, ya juya takobin a kansa. Ba ina yaba kashe kai ba, addininmu ya haramta shi, kuma marubucin Hausa yana da wasu ƙofofin da zai buɗe wa irin wannan mutum. Abin da nake nunawa shi ne an ba ɗan aike zuciya da kunne. Takobin nan kuma shi ya zama shaida a gaban Bao, wanda ya sa aka sare surukin sarki duk da gimbiya da uwar sarki sun zo da kansu su hana.

Duk da haka ba zan ce muku kotun Bao ta tsira daga aibi ba. Shi ne mai bincike, shi ne alƙali, a zaurensa ake sara, kuma a labaran ana dukan wanda ake tuhuma don ya amsa laifi. Komai ya rataya ga nagartar mutum guda. Ranar da aka ɗora wani a kujerar, wuƙaƙen nan uku suna nan da kaifinsu. A Birtaniya an kai wannan tunanin ƙarshensa a 1977 da aka ƙirƙiri Judge Dredd a mujallar zane, ɗan sandan da ke kamawa ya yanke hukunci ya zartar a tsaye a kan titi, kuma waɗanda suka ƙirƙire shi gargaɗi suka nufa da shi. Ina faɗin wannan ne don na ga wasu littattafanmu suna murna da jarumin da ke kashe mai laifi nan take, suna kiran abin adalci. Kakanninmu da suka raba aikin dogari da na alƙali da na Hauni sun san abin da suke gudu.

Saura ita kanta farautar, kuma a nan ne na fi jin takaicin abin da muke bari a ƙasa. Tsohon birnin Hausa tarko ne ga mai gudu. Ana rufe ƙofofin ganuwa da faɗuwar rana, kowace ƙofa da sarkin ƙofarta wanda ya san fuskar masu shiga da fita. Baƙo ba ya kwana a unguwa mai unguwa bai sani ba. Falke yana sauka wurin fatoma, fatoma kuwa ya san kayan kowa da inda ya fito. Ga sarkin zango, ga sarkin pawa da zai gane saniyar sata tun daga tambarin da ke cinyarta, ga dillalan kasuwa da za a kai wa cigiyar rigar da aka sace. Mai shela zai zaga da sanarwa. A bayan gari ga maharba masu bin sawu, waɗanda za su dubi ƙasa su ce mutum ɗaya ne, yana ɗingishi, ya wuce kafin raɓa ta sauka. Ga masu fito a bakin gulbi, ga makiyaya da ba abin da ke gilmawa a daji ba su gani ba. Idan mai laifi ya tsallaka ƙasar wani sarki, sai a rubuta wasiƙa a buga hatimi a ba manzo, kuma sarkin can yana iya miƙa shi, yana iya cewa wanda ya shigo inuwata ya sha. Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan yana iya faɗin gaskiya, yana iya rufa asiri, yana iya sayar da labari. Abubakar Imam ya gane daɗin wannan tun a Ruwan Bagaja, wanda ya fito a 1934: Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna yawo gari zuwa gari, kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami a gaban mahukunta, kuma rabin daɗin littafin yana ga yadda ake kamawa da yadda ake kuɓucewa.

Sannan akwai abin da ke biyo bayan kamun, wanda kusan ba mai rubuta shi. A ce Sarkin Dogarai ya tura mutum biyu, sun cim ma wanda ake nema a wani ƙauye mai nisan kwana uku daga birni. Sun sa masa mari, ko sun ɗaure shi da igiya a ƙugu. Yanzu sai a komo. Kwana uku suna tafe tare. Tulu guda za su sha, dagacin da suka sauka wurinsa akushi guda zai kawo musu. Idan lokacin salla ya yi, sai an kwance masa hannu ya yi alwala, wataƙila ma shi ya fi su karatu, shi zai ja su. Da dare ɗaya na barci ɗaya na gadi, shi kuma ɗaurarren yana ba mai gadin labarin yadda abin ya faru, labarin da bai yi kama da wanda aka faɗa a fada ba. A kwana na biyu danginsa za su tare hanya da 'yar jakar kuɗi. A kwana na uku, ana hango ganuwa, sai ga manzon wani babban bafade ya zo da saƙo cewa ba sai an wahalar da alƙali ba, a bi da shi ta ƙofar baya. Dogarin nan yana da mata da 'ya'ya a cikin fada, kuma ya san abin da ke samun bawan da ya ƙi jin saƙo. Ga ƙofar gari a gabansa, hanya ta rabu biyu, ɗaya ta nufi zauren alƙali, ɗaya ta nufi gidan bafaden, igiya kuma tana hannunsa.

'Yan'uwa marubuta, wannan tafiyar ta kwana uku nake roƙon wani daga cikinku ya zauna ya rubuta mana, ya kuma raɗa wa dogarin suna.